Sauƙaƙa Shari'a da Cire wa Talaka Tsoron Kotu a Arewacin Nijeriya

 Mas'alar da na zo da ita gaban wannan majalisi mas'ala ce wadda kowa a cikinmu ya san ta, ko da yake ba kasafai ake kawo ta zauren ilmi ba, watau dalilin da ya sa mutumin ƙasar nan, ko da shi ne mai gaskiya, ko da haƙƙinsa a bayyane yake ga kowa, da zarar an ambata masa kotu sai gabansa ya faɗi, ya gwammace ya ce ya bar wa Allah, ya tafi da hasararsa. An saba ɗora alhakin wannan a kan jahilci, a ce talaka bai san 'yancinsa ba, a shirya masa taron wayar da kai. Ni kuwa abin da na fahimta shi ne talakan nan lissafi ya yi, lissafinsa kuma daidai ne, gama ya auna kuɗin mota da ranakun kasuwar da zai rasa, ya dubi shekarun da maƙwabcinsa ya shafe yana zarya, ya ga babu mai iya gaya masa a wace kotu maganarsa za ta ƙare, da wane harshe, ko a wace shekara, sa'an nan ya janye jikinsa. In kuwa haka ne, to, maganin tsoron yana ga gyaran tsarin da ya haife shi, kuma mafi yawan gyaran nan ragi ake bukata a cikinsa, ba ƙari ba.

Ya kamata tun da fari mu bambanta irin tsoronmu da na waɗansu ƙasashe. A Amurka, inda wani lauya mai suna Philip Howard ya wallafa littafi a tsakiyar shekarun 1990 yana kuka da yawan dokoki da ƙa'idojin da suka ɗaure hannun ma'aikata, abin da ake tsoro shi ne diyya mai nauyi, har likita yakan sa a yi wa majinyaci gwaje-gwajen da ya san ba su da amfani don kawai ya kare kansa idan an kai shi ƙara. A Ingila ma sai da majalisa ta yi doka a 2006 tana tunatar da alƙalai su lura kada tsananta sharuɗɗan kiyaye haɗari ya hana mutane ayyukan alheri. Su can hukuncin suke tsoro. Mu nan hanyar zuwa ga hukuncin ita ce azabar, shi ya sa tsoronmu bai tsaya ga wanda ake ƙara ba, ya game mai ƙarar, ya game shaida, ya game wanda aka roƙa ya tsaya beli, har ya kai ga mai wucewa wanda ya ga haɗari a kan hanya. Da Bahaushe ya ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, ya faɗi abin da ya gani ne. Amma al'ummar da ta amince cewa haka shari'a take, kuma haka za ta dawwama, ta sallama wani babban rukuni na zaman lafiyarta, domin amfanin doka na farko shi ne mutum ya san matsayinsa tun kafin husuma ta tashi.

Yadda dokoki suka hau kan juna

Ba a wayi gari aka tarar da wannan cukurkuɗewa ba. Kafin zuwan Turawa, alƙalan daular Sakkwato da na Barno suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, sarki yana sauraron abin da ya shafi jini da ƙasa da ƙarar zalunci. Da Lugga ya kafa mulkinsa, sai ya bar kotunan alƙalai a kan aikinsu bayan ya soke waɗansu haddodi, ya kuma kafa waɗansu kotuna a gefe, aka shigo da dokokin Ingila na gama-gari kamar yadda suke a ranar 1 ga Janairu 1900. Tun daga ranar aka sami tafarki biyu a ƙasa ɗaya, kuma ba a daɗe ba suka yi karo. A 1947, a shari'ar Tsofo Gubba, kotun Sarkin Gwandu ta yanke hukuncin kisa bisa ga Malikiyya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe shi bisa hujjar cewa a ƙarƙashin dokar Turawa laifin bai kai na kisa ba, abin ya tayar da hankalin sarakuna da malamai ƙwarai.

Da mulkin kai ya ƙarato, gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a 1958 a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da Shettima Kashim, da waɗansu. Daga shawararsu aka sami kundin laifuffuka na Arewa wanda ya fara aiki a 1960, wanda aka ɗauko samfurinsa daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860. Aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Lalle mutanen nan sun cancanci yabo, domin niyyarsu sauƙaƙawa ce: kundi ɗaya ga kowa, aka tara alƙalai a Zariya ana koya musu shi, aka kuma ce kundin bin matakan shari'a ya zama musu jagora kawai, kada a rushe hukuncin alƙali don ya saɓa wata 'yar ƙa'ida matuƙar bai yi zalunci ba. Wannan hikima ce da muka yi sakaci da ita daga baya.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A ƙarshen shekarun 1960 soja suka soke kotunan sarakuna, suka mai da kotunan alƙalai ƙarƙashin Babban Joji. A 1978 aka yi dokar mallakar ƙasa wadda ta sa filaye a hannun gwamna. Jihar Arewa ɗaya ta zama jihohi 19, kowace da majalisarta da dokokinta. Sa'an nan daga 1999 Zamfara ta buɗe ƙofa, jihohi 12 suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da dalilinsa, ban kuma zo nan don in yi jayayya da ko ɗaya ba. Aibin da nake nunawa shi ne kowane zamani yakan ɗora nasa a kan na baya ba tare da ya zauna ya daidaita su ba, har aka kai ga gona ɗaya tana iya shiga ƙarƙashin fiƙihu ta fuskar gado, ƙarƙashin al'ada ta fuskar aro, ƙarƙashin dokar 1978 ta fuskar takardar mallaka, kowace fuska kuma da kotun da ake cewa ita ce mai hurumi a kanta.

Hurumi da ƙa'ida

A nan ne nake so in dakata, domin a nan ne mafi yawan shekarun mutane suke salwanta. Mu ɗauki manomi wanda ya ce mahaifinsa aron gona ya ba maƙwabci, maƙwabcin kuwa ya ce saye ya yi. Suka je Kotun Shari'a ta garinsu, alƙali ya saurare su da Hausa, ya kira mai unguwa da dattawan da suka san asalin wurin, ya taka da ƙafarsa har gonar, aka nuna masa kukar da ke kan iyaka da layin gambar da marigayin ya dasa, ya yi wa wanda hujja ta hau kansa i'izari, ya yanke hukunci. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a, daga nan kuma, da yake dukansu Musulmi ne kuma da fiƙihu aka yi musu hukunci, sai ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, abin da kowane mai hankali zai zaci shi ne daidai. Daga can magana ta tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, a Kaduna ko Kano ko Sakkwato, bayan an biya kuɗin buga kwafin shari'a da na fassara shi zuwa Turanci. A ranar da aka zauna, lauya ya miƙe bai ce uffan a kan aro ko saye ba, sai ya ce kotun da ta gabata ba ta da hurumi, saboda sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita ta ga aure da riƙon yara da waƙafi da kyauta da wasiyya da gado, wannan kuwa rikicin mallakar ƙasa ne. Kotu ta ce ya yi gaskiya, domin haka Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Magaji da Matari a shekara ta 2000, sai a rushe abin da aka yi, a ce su koma Babbar Kotun Jiha. Kafin su koma, dattawan da suka san iyaka sun riga mu gidan gaskiya, mai yiwuwa ma ɗaya daga cikin masu husumar ya bi su, 'ya'ya sun gaji shari'ar tare da gonar.

Alƙalan da suka yi wannan hukunci ba su yi kuskure ba, doka suka bi. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, aka kafa ƙa'idar cewa duk abin da kotu ta yi ba tare da hurumi ba ɓatacce ne komai kyawunsa, kuma ana iya tayar da maganar a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne. Ƙa'idar tana da asali mai kyau, don kada kowa ya kafa wa kansa kujerar hukunci. Amma da aka haɗa ta da tsari mai ƙofofi da yawa waɗanda lauyoyi kansu suke saɓani a kansu, sai ta zama makami a hannun wanda ya san ba shi da gaskiya, yana ɓoye ta har sai ya ga ya sha kaye. Shari'ar Amadi da kamfanin mai na ƙasa ta shekara 13 ana jayayya a kan ko an cika sharaɗin ba da sanarwa kafin shigar da ƙara, sai a 2000 Kotun Ƙoli ta ce a koma a fara sauraron ainihin maganar. Shari'ar Ariori da Elemo, a kan fili a Legas, an shigar da ita a 1960, a 1983 Kotun Ƙoli ta umarta a sake ta daga farko. A 2007 kuma, a shari'ar Okafor da Nweke, aka yanke cewa takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya shi kansa ba ta da inganci, aka sake tabbatar da haka a 2012, ƙararraki masu yawa suka faɗi ta wannan hanya, alhali mai ƙarar bai san abin da lauyansa ya rubuta a ƙasan takarda ba, balle ya gyara. Wane irin adalci ne zai ɗora wa mutum hasarar gidansa saboda kuskuren alƙalamin wakilinsa, bayan kuwa abokin husumarsa bai cutu da kuskuren ba ko kaɗan?

A ƙara da tsawon tsanin. Ƙarar da ta faro daga Kotun Shari'a ta ƙauye tana iya hawa mataki 5 kafin ta tsaya, Kotun Ƙoli kuwa ɗaya ce a Abuja, tsarin mulki ya ce alƙalanta kada su wuce 21 ban da Babban Joji, kuma kusan kowace irin magana tana da hanyar isa gare ta, alhali takwararta ta Amurka ita ke zaɓen abin da za ta saurara, ba ta kuma kai ƙara 100 a shekara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mun riga mun san maganin, mun kuma gwada shi. Da jinkirin shari'ar zaɓe ya dami 'yan siyasa, sai aka gyara tsarin mulki a 2010, aka ce kotun zaɓe ta gama cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara cikin kwana 60, ƙarar kujerar majalisa kuma a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. An yi haka, kuma ana cika wa'adin. Abin da aka iya yi wa mai neman kujera, wajibi ne a yi wa marainiyar da ke neman gadon ubanta.

Harshe

Game da harshe ba zan tsawaita ba, domin abin a fili yake. Manyan kotunanmu da Turanci suke aiki, takardar da aka rubuta da Hausa ko da ajami ba ta zama hujja a gabansu sai an fassara ta. Tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin tafinta kyauta, amma tafinta yakan juya tambayar da aka yi wa mutum ne da amsarsa, ba ya juya muhawarar da lauyoyi suke yi a kansa, sai ka ga dattijo a tsaye ana ta magana a kan gonarsa ko 'yancinsa, ba ya gane komai sai sa'ad da magatakarda ya juyo ya gaya masa ranar da zai dawo. Ingilishi da kansu sun sha irin wannan, har majalisarsu ta yi doka a farkon shekarun 1730 ta kori Latin da Faransanci daga kotunansu, Tanzaniya kuma a 2021 ta mai da Sawahili harshen dokoki da kotuna. Ba na cewa a kori Turanci daga tarayyar da ke da ɗaruruwan harsuna, kuma na san a Arewa akwai jama'a masu yawa da Hausa ba harshensu ba ce. Amma sammaci, da takardar shigar da ƙara, da taƙaitaccen hukunci, babu abin da ya hana a ba mutum su da harshen da yake ji.

Daga bashi zuwa ɗaurin talala

Idan ƙofar kotu ta yi nisa, mutane ba sa daina husuma, wata ƙofar suke nema, mafi kusa kuwa ita ce ofishin 'yan sanda. Ɗan kasuwa ya ba abokin cinikinsa kaya bashi, wa'adi ya cika ba a biya ba. Ya san in ya shigar da ƙarar bashi zai daɗe, sai ya kai rahoto cewa an ci amanarsa an zambace shi, a rubuta sashe na 312 da na 322 na kundin laifuffuka, a kamo mutumin da yammacin Juma'a don ya kwana a tsare har Litinin, 'yan'uwansa su yi ta kai gwauro suna kai mari, su sayar da abin da suka mallaka, a biya a kan teburin ɗan sanda, kowa ya sa hannu. A bangon ofishin an rubuta cewa beli kyauta ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya, ta hana kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita hanin, amma al'adar ba ta mutu ba, saboda buƙatar da ta haife ta tana nan. Wanda ya kasa biya kuwa sai a gurfanar da shi, a tura shi gidan yari, ya shiga cikin masu jiran shari'a, waɗanda su ne kimanin kashi 2 cikin 3 na dukan mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan.

Daga nan ne tsoron ya yaɗu ya shiga mu'amalar yau da kullum, har ya taɓa abin da addini da mutunci suka wajabta. Mota ta kaɗe mutum, jama'a sun kewaye shi, kowa yana salati, amma mai motar da zai ɗauke shi yana tunanin za a riƙe shi a asibiti, a ce ya kawo rahoton 'yan sanda, a mai da shi shaida ko ma wanda ake zargi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, dokar 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce kada a wulaƙanta wanda ya kawo shi. Sai dai ma'aikacin jinya da ke bakin ƙofa da tsakar dare bai taɓa ganin an hukunta wanda ya saɓa wa dokar ba, ya kuwa ga abokin aikinsa da aka yi ta kira ofishin 'yan sanda. Haka shaidar da ya ga gaskiya da idonsa yake cewa ba ruwansa, alhali ya san ɓoye shaida zunubi ne. Tsarin da ya sa mutumin kirki yake tsoron aikata alheri ya ɓata tarbiyyar jama'a, wannan mafsada kuwa ta fi hasarar dukiya girma.

Abin da magabata suka yi

Sauƙaƙa shari'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, ya dubi yawan littattafan Malikiyya, sai ya tattara abin da alƙali yake buƙata a kan kujerarsa ya mai da shi waƙe a cikin Tuhfatul Hukkam don a haddace, har yau kuma alƙalanmu suna kafa hujja da ita. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam, sa'ad da jama'ar garin suka nemi ya bayyana musu yadda za su tafiyar da mulki da hukunci. Daular Usmaniyya ta Turkiyya, tsakanin 1869 da 1876, ta sa malamai ƙarƙashin Ahmad Jaudat Basha suka tace fiƙihun mu'amala na Hanafiyya ya zama Majalla mai sashe 1,851, da harshen da ma'aikacin kotu zai karanta ya gane. Tsarin sauraron ƙara na fiƙihu kuwa, wanda tushensa yake cikin wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musal Ash'ari, ɗan kasuwa da manomi duk sun san shi: alƙali ya fara tantance wane ne mai da'awa, shi zai kawo hujja, wanda ya musa ya yi rantsuwa, a yanka wa mai neman kawo shaida ajali, in ya wuce a yi hukunci, a daidaita masu husuma a wurin zama da kallo, a kuma buɗe ƙofar sulhu. Sanin nan da kowa ya yi wa matakan shi ne ya sa har gobe talaka ya fi sakin jiki a gaban alƙali bisa ga gaban majistare.

Kada a fahimce ni da cewa ina kiran a koma jiya. Kotunan alƙalai na zamanin En'e an yi amfani da su wajen ɗaure 'yan NEPU a shekarun 1950, ba a barin lauya ya shiga cikinsu, kuma kukan cin hanci bai taɓa yankewa ba, jiya da yau. Yawancin ƙa'idojin da nake kuka da su an ƙirƙiro su ne don a kange son zuciyar mai hukunci, wanda duk ya ce a share su gaba ɗaya bai san abin da suka tare ba. Abin da nake cewa shi ne kariya daga zaluncin alƙali tana samuwa ta hanyoyi kaɗan masu ƙarfi: a zaɓi alƙali mai ilmi da tsoron Allah, a biya shi abin da zai ishe shi, a tilasta masa rubuta dalilin hukuncinsa, a ba wanda bai gamsu ba ɗaukaka ƙara guda mai sauri, a kuma tuɓe wanda aka kama da rashawa a bainar jama'a. Tara ƙa'idoji a kan ƙa'idoji ba ya hana azzalumin alƙali zalunci, sai dai ya ba shi wurin fakewa, ya kuma ɗaure hannun adilin.

Ingila ta gane haka. Bayan rahoton Lord Woolf na 1996, ta sake ƙa'idojin ƙararrakin haƙƙi a 1999, ta rubuta su da harshe mai sauƙi, ta raba ƙararraki gwargwadon girmansu don kada a yi wa ƙaramar magana hidimar babba, ta kuma karɓe linzamin tafiyar da shari'a daga hannun lauyoyi ta danƙa wa alƙali. A nan gida ma an fara. Legas ta buɗe zauren sasanci a harabar kotu a 2002, Kano ta bi a 2009. A 2018 Legas ta kafa kotunan ƙananan basussuka, inda mai bin bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba zai cika takarda da kansa ba sai da lauya ba, a yanke hukunci cikin kwana 60, Kano kuma ta kafa nata a 2019. Wannan ita ce hanya, kuma ita ce za ta raba 'yan sanda da karɓar bashi fiye da kowane hani. Sai dai kotunan kaɗan ne, a birane suke, mafi yawan 'yan kasuwar Kwari da Dawanau ma ba su san da su ba, balle mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye.

Sulhu kuma, wanda masu unguwanni da limamai da Hisba suke yi dare da rana, shi ne yake ɗauke da mafi yawan husumar jama'a, ya kamata doka ta san da shi, a rubuta abin da aka daidaita a kai, a kai wa alƙali ya sa hannu ya zama hukunci, kamar yadda dokar Jamhuriyar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa da rubuta takardar sasanci. Amma a nan akwai abin lura. Sulhun da mai rauni ya karɓa don ya san in ya ƙi babu inda za shi, wannan danniya ce aka sa mata sunan sulhu, kuma mata da marayu su ne suka fi shan ta. Sulhu ba ya zama na gaskiya sai mai ƙarfi ya san cewa in ya ƙi, akwai kotun da za ta karɓe haƙƙin daga hannunsa kafin shekara ta zagayo.

Waɗansu gyare-gyaren sai an taɓa tsarin mulki, kamar faɗaɗa hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ya game duk abin da aka yi wa hukunci da fiƙihu tun daga ƙasa bisa yardar masu husuma, da tsayar da ƙananan ƙararraki kafin Kotun Ƙoli. Waɗansu aikin majalisun jihohi ne, kamar a ce kotun da ta ga ba ta da hurumi ta miƙa ƙarar ga mai hurumin maimakon ta kore ta, yadda dokar Babbar Kotun Tarayya ta tanada, da kuma tace dokokin jiha a zubar da matattu a buga rayayyu a kundi ɗaya. Amma da yawa ba sa buƙatar jiran kowa. Sashe na 274 da na 279 na tsarin mulki sun ba Babban Jojin jiha da Alƙalin Alƙalai ikon tsara ƙa'idojin kotunansu, kotunan ƙananan basussuka na Legas ma da umarnin Babbar Joji aka kafa su. Saboda haka nake roƙon shugabannin shari'a na jihohinmu, waɗanda waɗansunsu ko wakilansu suna cikin wannan zaure, su sa a buga sammaci da takardun ƙara da Hausa, boko da ajami, da sauran manyan harsunan jihohinsu, su ƙayyade yawan ɗage shari'a, su wajabta a kawo maganar hurumi tun a zaman farko a yanke ta tare da ainihin ƙarar, su kuma kai kotun ƙananan basussuka kowace ƙaramar hukuma kafin shekarar shari'a mai zuwa ta ƙare. Allah ya ba su ikon yi.